Maƙabartar Rashawa a Matsuyama

Daga Hiroshima na shiga jirgin ruwa zuwa Matsuyama, a tsibirin Shikoku, domin in ga maƙabartar Rashawa fursunonin yaƙi da ke gefen wani tudu a arewacin garin. Kaburbura 98 ne a jere, kowanne da ɗan dutse mai ɗauke da suna, kuma dukkansu suna fuskantar arewa, wajen ƙasar mamatan. Ɗaliban wata makaranta ta unguwar ne ke share wurin, na kuwa tarar da shi tsaf. A gefe akwai mutum-mutumin Vasili Boisman, kyaftin ɗin jirgin yaƙin Peresvet, wanda ya rasu a garin a 1905.

A nan Japan ta buɗe sansanin fursunoni na farko a yaƙinta da Rasha na 1904 zuwa 1905. Cikin waɗanda aka fara kawowa har da sojojin ruwan jirgin Varyag na Rasha da suka jikkata a gumurzun Chemulpo, wata tashar ruwa a Koriya, a Fabrairun 1904, waɗanda ma'aikatan jinya na Red Cross ta Japan suka kula da su, waɗanda suka rasa hannu ko ƙafa kuma matar Sarki Meiji ta ba su na roba. Da yamma na leƙa tsohon gidan wanka na Dogo, inda aka riƙa barin fursunonin su je wanka.

Duk wannan karamci da biyu aka yi shi. A 1894 sojojin Japan sun yi wa mutanen Sin kisan gilla a Port Arthur, wata tashar ruwa a ƙasar Sin, jaridun Amurka da Ingila suka yayata, sunan Japan ya ɓaci. Ƙasar da ta shiga Yarjejeniyar Geneva kan kula da sojojin da suka jikkata a yaƙi tun 1886 tana neman Turawa su daina kallon ta a matsayin ta baya, tana kuma neman rancen kuɗin yaƙi a Landan da New York, saboda haka duk Barashen da ya warke shaida ne a idon duniya. Shi ya sa ziyarar da Admiral Togo na Japan ya kai wa Rozhestvensky, kwamandan jiragen yaƙin Rasha da ya jikkata, a asibitin Sasebo bayan gumurzun ruwa na Tsushima ta zama labari ko'ina.

Ban ga dalilin raina aikin matan da suka kwana suna wanke raunukan abokan gaba ba, domin rayukan da suka ceto na gaske ne. Abin da ya dame ni shi ne, kafin a cika shekara arba'in, fursunonin da suka faɗa hannun Japan a Yaƙin Duniya na Biyu sun riƙa mutuwa da yunwa da kwalara a aikin layin dogon Thailand zuwa Burma.