Minti 20 yana kan gem, lissafin bai kai minti 4 ba

Ɗan yayata shekararsa 8, aji uku na firamare, bara likita ya ce yana da ADHD, wato matsalar nan ta kasa tara hankali wuri ɗaya da ƙiriniya da yin abu kafin a yi tunani. Kafin nan kowa a gida rashin ji yake kiran abun, har da ni kuwa. Da yake ni nake mai lesin da yamma, hutun nan sai na sauke gem ɗin lissafi guda uku a Play Store na ce bari mu gani.

Ranar farko ni na ɓata gwajin da kaina, da na ga ya tsaya sai in miƙa hannu in nuna mai inda zai danna, kaga kenan ni na yi gem ɗin ba shi ba. Washegari na koma bayansa na zauna da littafi da biro da agogon ɗayar wayar, na ja bakina na yi shiru. Abu uku kawai nake rubutawa, minti nawa ya yi yana ainihin lissafi, ina yatsansa ya rikice, da lokacin da ya miƙe. Jakob Nielsen, masanin gwada sauƙin amfani da manhaja, ya rubuta tun shekarar 2000 cewa mutum 5 sun isa su tono kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani da manhaja, to ni yaro ɗaya gare ni, shi yasa na yi ta maimaitawa har sati biyu.

Gem na farko na faɗa da dodanni ne, wallahi yaron da baya iya zaman minti 5 sai gashi ya yi 20 ko motsi, Yaya ta leƙo daga kicin tana ta hamdala. Da na duba littafina lissafin bai kai minti 4 ba, sauran duk a canza wa ɗan mutum-mutuminsa hula da takalmi ya tafi, in tambaya ta fito kuma sai ya yi ta dannawa barkatai har ya dace don dai a maida shi wajen faɗan. Da na tambaye shi wanne ya fi so, shi ya zaɓa mana. Daga ranar na daina tambayarsa, yatsansa nake kallo.

Na biyu agogo ne ke ƙirgawa a sama, in ka faɗi allo ya yi ja ya yi wata ƙara mara daɗi. Abun da ya fi ba ni haushi ma tambayar ɓacewa take kafin amsoshin su fito, shi kuma riƙe abu a ka na ɗan lokaci nan ne raunin masu ADHD. An ba shi 7 + 8, ina gani ya fara ƙirgawa da yatsu daidai har ya kai 12 lokaci ya ƙare. Ya cillar da wayar kan katifa ya ce "Kawu ni na fasa, ƙetata yake yi." Ban ga laifinsa ba.

Na uku, Khan Academy Kids, shi ne ya zauna mana, kyauta ne babu talla, tambaya ɗaya a allo kuma murya na karanta mai umarnin, in ya yi kuskure a sake ba shi dama ba hayaniya. Na 'yan shekara 2 zuwa 8 ne don haka ya kusa wuce shi, Turancin kuma wani lokacin sai na fassara. Kuma fa kar a ɗauka magani ne, gem ɗin da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi don ADHD a 2020, EndeavorRx, ba na lissafi ba ne ma, kuma likita ke rubuta shi.

Yanzu minti 10 muke yi, ya fita tsakar gida ya buga ƙwallo, ya dawo in ba shi irin tambayoyin nan guda uku a takarda da marafan kwalba. Jiya ya ci biyu, ta ukun ya bar ni da ita ya bi kyanwa.