Ranar Da Soyayyar 'Ya'yanku Ta Watse, Ku Kame Bakinku

Ku da 'ya'yanku ke tasowa yanzu, ku shirya wa ranar da ɗayansu zai shigo gida ido a kumbure, ya shige ɗaki ya ƙi magana, don wanda yake so ya ce a rabu. Idan kuwa wanda aka rabu da shi ba yarenku ɗaya ba, jarrabawar ta ninka, domin bakinku zai yi ta ƙaiƙayin faɗin abin da kuka daɗe kuna haɗiyewa. Ni na faɗa, na kuma ɗanɗana kuɗata.

'Yata tana jami'a ta haɗu da wani yaro ɗan wata ƙabila. Ban taɓa tambayarta halinsa ba, tambayata kullum ita ce su wane ne iyayensa. Da suka rabu ta zo mini tana kuka, sai na ce: "Alhamdu lillahi, ai dama mutanen nan ba su da amana." Ta share hawayenta ta tashi. Tun daga nan ta rufe mini cikinta, har labarin wanda ya zo nemanta daga baya ma a bakin ƙanwata na ji shi.

Da gaskiya ta fito, ashe nisa ne da zargi suka raba su, abin da ke raba 'yan gida ɗaya ma. Ƙabilarsa ba ta da hannu. Amma ni na ɗauki laifin mutum ɗaya na jibga wa al'umma guda, sannan na nuna wa 'yata cewa baƙin cikinta farin cikina ne. Wannan na biyun ya fi yi mata ciwo.

Kada ku raina zafin rabuwa don yaro ne. A 2011 Ethan Kross na Jami'ar Michigan a Amurka da abokan aikinsa sun gwada mutum 40 waɗanda masoyansu suka rabu da su ba da son ransu ba. Aka nuna musu hoton tsohon masoyin ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu, aka kuma ɗora musu abu mai zafi a hannu. Wasu sassan ƙwaƙwalwar da suka motsa a kan zafin jiki, su ne suka motsa a kan hoton tsohon masoyin. To ka ga "share kawai, maza sun ƙare ne?" ba magani ba ce.

A kwanakin farko aikinku sauraro ne. Ku zauna kusa, ku ce "ina jin ki, 'yata", ko "faɗa mini, ɗana", ku bar shi ya zazzage. Kada ku zagi wanda ya tafi: har yanzu yana cikin zuciyar, kuma suna iya shiryawa gobe ku zama ku ne abokan gaba. Kada ku binciki wayarsa a ɓoye. Idan makonni suka shuɗe ba barci, ba cin abinci, ko ya fara zancen gara ya mutu, wannan ya wuce rarrashi, a kai shi wurin likita.

Ba cewa nake bambancin al'ada wasa ne ba. Akwai tambayoyi masu nauyi, amma lokacinsu tun ana tare ne, kuma a kan wannan mutumin za a yi su. Wane yare za a yi wa 'ya'ya? A ina za a zauna? Danginsa sun karɓe ta, ko kuwa haƙuri kawai suke yi da ita? In an saɓa, wa zai shiga tsakani? Yaron da aka yi wa waɗannan tambayoyi cikin natsuwa zai tafi ya yi tunani. Wanda aka ce wa "ba a gidana ba" ɓoyewa zai koya.

Batun addini kuma daban ne, yana da nasa hukunce-hukuncen, a tambayi masana. Abin da nake ƙi shi ne a saka wa ƙabilanci rigar addini, alhali aya ta 13 a Suratul Hujurat ta ce an yi mu al'ummomi da ƙabilu ne domin mu san juna. Muna Allah wadai da dokar Afirka ta Kudu ta 1949 da ta hana farar fata auren waɗanda ba farare ba, wadda sai a 1985 aka soke ta, amma da yawanmu muna da irinta a cikin gida, ba a rubuce ba kawai.

Ku kuma lura da ƙannen da ke gefe suna ji. Ranar da na yi waccan magana ƙaramin ɗana yana wurin, kuma ba a jima ba na ji shi yana maimaita ta a kan wani abokin karatunsa. Sai da na kira shi na ce masa ni ce na yi kuskure, na kuma sa ya je ya ba yaron haƙuri.