Yau na kammala digirina

Alhamdulillah, sakamakon zangona na ƙarshe a NOUN, jami'ar karatu daga gida ta Najeriya, ya fito. Karatun na shekara 4 ne, ni kuwa shekara 6 na kwashe, domin duk lokacin da kasuwa ta yi nauyi sai in rage darussa.

Da asuba ina kasuwar Mile 12 a Legas muna sauke tumatir da albasa. Karatuna a waya nake yi, cikin motar haya ta danfo, a cunkoson Ojota, wani lokacin har Agege ban ɗaga kai ba. Ranar da babu wuta, maman yara ce ke riƙe min fitila ina amsa tambayoyin gwaji, Allah ya saka mata. Jarrabawa kaɗai ke kai ni cibiyar karatu ta jami'ar.

Na kira Baba a Kano. Ya yi shiru, can ya fara sa min albarka.