Hannu biyu a kan asusu

Da na yi ritaya daga aikin banki, ƙungiyoyin al'umma suka yi ta nemana in shiga kwamitinsu, kuma kusan kowacce kujerar ma'aji take miƙo mini. A ganinsu, wanda ya daɗe yana riƙe kuɗin mutane bai ci ba, shi ya fi dacewa ya riƙe nasu. Na gode da kyakkyawan zato. Sai dai abin da banki ya koya mini shi ne ba a ɗora asusu a kan gaskiyar mutum ɗaya, komai gaskiyarsa.

Da wuya a yi wa ma'aikacin banki horo ba a kawo labarin Barings ba. Wani banki ne na ƙasar Ingila da aka kafa a 1762, ya durƙushe a watan Fabrairun 1995. Ma'aikacinsa Nick Leeson da ke Singafo shi ke yin ciniki, kuma shi ke kula da sashen da ke shigar da cinikin a littafi. Ya yi ta ɓoye asara a wani asusu mai lamba 88888 har ta kai fam miliyan 827. Ƙarshenta bankin ING na Holan ya saye Barings a kan fam 1. Mutane kan tsaya a kan halin Leeson. Ni na fi ganin laifin manyansa na Landan, waɗanda ribar da ake nuna musu ta yi musu daɗi har suka ƙi tambayar wa ke duba littafin.

Shi ya sa duk kwamitin da na shiga nake kafa sharaɗi tun ranar farko. Wanda ke fitar da kuɗi daban, wanda ke rubutawa daban. Ba a cire ko kwabo sai mutum biyu sun sa hannu, kuma kowace shekara a kawo mai bincike daga waje. A banki ba wanda ke jin haushin wannan, ka'idar aiki ce. A ƙungiyar sa-kai kuwa, sai ka ga dattijo ya ɓata rai, yana cewa ai zato zunubi ne. Na lura gardama ba ta sauko da irin wannan mutum. Abin da ke sauko da shi shi ne in fara da kaina, in ƙi sa hannu ni kaɗai ko da ana sauri, in ajiye rasit ɗina a gaban kowa. Daga baya masu gaskiyar ne suka fi son tsarin, domin ranar da aka taso da tsegumi, takarda ce ke wanke su.

Akwai kuma tambayar da sashen ba da rance ya saba mini da ita. Kafin a dubi jingina, ana fara tambayar daga ina kuɗin biya zai fito. Ita nake yi idan aka kawo shawarar gina ɗakin karatu ko ƙaramin asibiti: bayan bikin buɗewa, wa zai biya albashi, wa zai yi gyara? Tara kuɗin gini bai cika wuya ba, mutane na son ganin sunansu a bango. Kuɗin gyaran rufi ne ba shi da masoyi.

Abin da banki bai shirya ni ba shi ne jagorantar mutanen da ba na biya albashi. A ofis, in na ce a kawo rahoto ranar Litinin, za a kawo. A nan sakataren kwamiti yana da nasa aikin da iyalinsa, kuma in ya ga dama gobe ya ajiye littafin ya tafi abinsa. Yanzu kafin taro nakan kira kowa ɗaya bayan ɗaya in ji ta bakinsa, sannan rahoton kuɗi ba ya wuce shafi ɗaya, yadda wanda bai taɓa aikin akawu ba zai karanta ya kama ni in na yi ba daidai ba.