Tukwanen da Kaka ta kife

Duk wanda ya taɓa shiga gidanmu a Zuru ya san tukwanen nan guda uku da ke bayan rumbu, manya, baƙi ƙirin saboda hayaƙi, a kife. Muna yara kansu muke hawa muna wasa, ba mu san mi ya sa ba a girki da su ba. Sai da na girma Mama ta gaya min na burkutu ne. Kakarmu da shi ta ci da gida shekara da shekaru, ta jiƙa dawa ta tsira, ta niƙa, ta kwana gaban wuta, ranar kasuwa ko lokacin bikin gargajiya na Uhola kuwa gidan ba masaka tsinke. Da anka yi mata baftisma a cocin UMCA, tun kafin yaƙin basasa na 1967, ta dawo gida ta kife su da hannunta. Mama ta ce shekarar sun sha wuya ba kaɗan ba, har itace Kaka ta riƙa ɗaukowa daga daji tana saidawa, dangi na mata dariya wai ta bi addinin Turawa ta saki hanyar abinci.

Abin da ya sa na tuno wanga labari, bara ne babban ɗana zai rubuta jarrabawar gama sakandare a nan Birnin Kebbi inda muke zaune. Wata da muke Zumuntar Mata tare ta ja ni gefe bayan sujada ta ce akwai wata makaranta can wajen gari, ka ba da naira dubu 40 kan kuɗin rajista, ranar jarrabawa a rubuta musu amsa a allo su kwafa, shi ke nan. Ta ce kowa haka yake yi yanzu, har 'ya'yan dattawan ikilisiya. Gaskiya zan faɗa, na haɗa kuɗin. Yaron lissafi na ba shi wahala, ni kuma na gaji da biyan kuɗin makaranta, na ce ai taimakon ɗana zan yi ba sata ba. Daren na kira Mama muna hira sai na faɗa mata, ta yi shiru har na zaci netwok ne ya ɗauke, can ta ce, "To 'yata, in kin biya, ranar da ya kawo miki kuɗin da ba ki san inda ya samo ba, da wane baki za ki tambaye shi?"

Ban yi barci ba. Domin ni ɗin nan ce mai faɗa in yarinyata ta fita ba ɗankwali, ni ce mai ƙwace waya in na ji waƙar banza. Mu nan in anka ce abin duniya hankalinmu wajen wando da janbaki da kitson roba yake tafiya, wa'azi kan su ba iyaka, kuma ban ce a bar yara su sa abin da sunka ga dama ba. Amma wajen kuɗi da takarda da neman aiki, nan kam da mu da wanda bai taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba hanyarmu ɗaya, kuma yaran suna gani, sun fi mu sanin inda muke lanƙwasawa.

Ku duba Lutu. A littafin Farawa sura 13, cikin Littafi Mai Tsarki, ba zunubi ya je nema ba, kwarin Urdun ya hango da ruwa da ciyawa, mai dabbobi ne, lissafinshi daidai ne ta fuskar arziki. Ya kafa alfarwa kusa da Saduma kawai. A sura 14 mun same shi zaune cikin garin, a sura 19 yana ƙofar gari inda manya ke zama. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne da ya je daren nan yana gaya wa masu neman auren 'ya'yanshi su tashi su gudu, sai sunka ɗauka wasa yake. Mutum ya zauna da mutane har maganar Allah a bakinshi ta zama abin dariya. Shi ya tsira, amma matar ta halaka, 'ya'yanshi mata kuwa sunka yi ciki da shi a kogo, daga nan Mowabawa da Ammonawa sunka fito, waɗanda sunka daɗe suna zame wa Isra'ila ƙaya.

Sai kuma Rekabawa, wato zuriyar Rekab, a littafin Irmiya sura 35, da ba a cika wa'azi kansu ba. Kakansu Yonadab, wanda ya yi zamani da sarki Yehu, ya ce kada su sha ruwan inabi, kada su gina gida, su zauna a alfarwa. Sama da shekara 200 bayan haka annabi Irmiya da kanshi ya kai su cikin Haikali ya ajiye musu kwanoni cike ya ce su sha, sunka ce a'a, kakanmu ya hana. Yonadab ya daɗe da zama ƙasa amma maganarshi na tsaye, ni a ganina don jikokin sun tashi sun tarar da iyaye na yin abin ne, ba faɗa kawai ba.

Kuma don Allah kada wani ya ɗauka keɓewa na nufin ƙyamar mutane. Yesu a Yohanna 17 bai roƙa a ɗauke mu daga duniya ba, a tsare mu daga Mugun ya roƙa. Maƙwabtana Musulmi ne, naman Sallah na shigowa gidana, shinkafar Kirsimeti na shiga nasu, kuma na san wani Alhaji a layinmu da shi ma ya ƙi kai ɗanshi waccan makaranta. Kaka ma ba ta daina gaida masu shan burkutu ba, tana zuwa musu biki da makoki har ta rasu. Tukunya ta kife, ba zumunci ba.

Ban biya ba. Sakamako ya fito ya ci sauran, lissafi ya faɗi, abokanshi biyu da sunka je can sun samu shiga jami'a. Ya yi kusan wata ba ya min magana sai gaisuwa, ranar da ya buɗe baki ya ce "Mama kin ja min asarar shekara guda", na shiga ɗaki na yi kuka sosai don ban da amsar da za ta sanyaya mishi rai. Dubu 40 ɗin nan su na ba wani malami yana koya mishi lissafi da yamma, zai sake zama bana. Da munka je Zuru Kirsimeti na gan shi bayan rumbu tare da Mama, ta ɗora hannu kan babbar tukunyar tana mishi magana ƙasa ƙasa, ban matsa kusa ba kuma har yau bai gaya min abin da ta ce ba.