Mai gwajin irin albasa a Sakkwato

Wanda ya taso a ƙasar Adar ta Jamhuriyar Nijar, ya ƙetaro iyakar Birnin Ƙwanni da Illela ya sauka Sakkwato, ba ya shan wahalar harshe, domin Hausarmu ta Tawa da ta Sakkwatawa kusan bakinsu ɗaya. Abin da ya daɗe yana ba ni aiki shi ne tambayar da ake yi wa kowane baƙo da zarar an gama gaisuwa: "Malam, mi kaka taɓawa?"

Na yi karatun aikin gona a makarantar Kollo da ke kusa da Yamai, kuma sana'ata ita ce gwada irin albasa kafin manomi ya zuba kuɗinsa a kai. A gida, ambaton Kollo kaɗai ya isa a san matsayin mutum. A nan kuwa takardata da Faransanci aka rubuta ta, sunan makarantar ma baƙo ne, saboda haka duk wanda ya ji na haɗa albasa da Nijar sai ya ɗauke ni dillali mai sauke buhuna a kasuwar Ramin Kura. Ban ga laifinsu ba, tunda da albasar Galmi aka san mu, kuma yawancin 'yan ƙasarmu da ke harkar a nan saye da sayarwa suke yi.

A majalisa dogon bayani ba ya shiga, musamman gaban dattawan da suka yi shekara da shekaru suna noman rani a Kware da Wurno da Goronyo. Abin da nake yi shi ne in roƙi mai gida ya ba ni ɗan irin da ya ajiye, in ƙirga ƙwara 100 a gabansa, in jera su bisa jiƙaƙƙen tsumma a cikin tasa, in ce a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa har kwana 12. Irin albasa ba ya jimirin ajiya. Idan ya shekara, balle ya sha zafin Afrilu da kan haura digiri 40 a garin nan, yawancinsa mutuwa yake yi, alhali a ido tsoho da sabo duk baƙaƙe ne iri ɗaya. Ranar da aka buɗe tsumman aka ga rabi bai tsiro ba, wani dattijo ya daɗe yana juya tasar, sannan ya ce, "Ashe abin da ya cinye mini fangali bara ke nan." Shi ne ya riƙa gabatar da ni ga abokansa da cewa ga yaron da ke duba iri, kuma a ganina wannan gabatarwar ta fi kowace takarda nauyi a wurin manoma.

A ofis lamarin daban yake. Can ana son a ji wa ya horar da kai da kuma inda aikinka ya tsaya, don haka nakan fara da bayyana cewa ba ni da ikon ba iri shaidar inganci, wannan hurumin hukumar kula da irin shuka ta tarayyar Najeriya ne, nawa shawara ce ga manomi da mai shago. Tun da Nijar ta fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025, an ƙara wata tambaya game da takardun zama, har ta kan riga ta sana'a fitowa, shi ya sa ba na fita ba tare da su ba.

Mai gidan da nake haya kuwa har yau bai damu da sanin aikina ba. Ya tambayi wanda ya tsaya mini, aka ambaci wani ɗan uwan mahaifiyata da ke kasuwar Kara, ya miƙo makulli.