Yadda na auna hasken sama da ɓawon gilashin laftof a Jos

Hasken da ke zuwa kai tsaye daga rana yana kaɗawa ta kowace fuska. Idan ya bugi ƙwayoyin iska ya warwatsu, sai yawancinsa ya koma kaɗawa ta fuska guda, musamman a sashen sama da ke digiri 90 daga rana. Wannan shi ne folarazeshan, kuma idonmu ba ya lura da shi. Wani Bafaranshe, François Arago, ya gano shi a 1809, Lord Rayleigh na Ingila ya fayyace dalilinsa a 1871. Gani ya kori ji, shi ya sa na ce sai na auna da kaina.

Wajen masu gyaran kwamfuta a Taminus na samo fasasshen gilashin laftof. "Malam, ai wannan shara ce, ɗauki kawai," in ji mai shagon. Na ɓare siririn ɓawo mai duhu-duhu da ke manne a fuskarsa, wanda ba ya barin haske ya wuce sai mai kaɗawa ta fuska ɗaya. Na liƙa shi a bakin bututun kwali da na shafe cikinsa da baƙin fenti, ɗaya bakin kuma na ɗaure a kan idon wayata mai auna haske.

Lokacin da ya fi daɗin aiki shi ne hantsi bai ɗaga ba, ko gab da magariba. Rana tana ƙasa, don haka digiri 90 ɗin nan yana daidai tsakar ka, ya miƙe daga arewa zuwa kudu. Kafin ma ka duba lamba, ɗaga ɓawon ka juya shi a hankali: shuɗin sama zai dushe ya yi duhu kamar rinin baba, ya sake washewa, sau biyu a zagaye guda. Farin girgije da ke gefe kuwa da ƙyar yake sauyawa. Kada dai a kuskura a kalli rana ta cikinsa, ba ya kare ido.

Lissafin ba wuya. Yayin da kake juya bututun, ka rubuta lamba mafi girma da mafi ƙanƙanta da wayar ta nuna na ƙarfin haske. Ka cire ƙaramar daga babbar, ka raba da jimillarsu. In ka samu 80 da 20, folarazeshan ɗin kashi 60 cikin 100 ke nan. Abin kiyayewa shi ne a riƙa juya waya, bututu da ɓawo tare, domin a wasu wayoyin idon yana ƙarƙashin gilashi mai tace haske shi ma, sai ya gurɓata awon.

Na ɗauka tsayin Jos, kusan mita 1,200, zai sa lambar ta yi sama kullum. A ƙarshen damina, bayan ruwa ya wanke iska, hakan aka yi: ta haura rabi sosai, ko da yake ko a sama mafi tsabta ba a cika wuce kashi 70 zuwa 80 ba. Da hunturu ya kankama sai labari ya sha bamban. A ranar da hazo ya ɓoye duwatsun Shere, na yi ta juya bututun amma lambar da ƙyar take motsi. Ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi ta fi ƙwayoyin iska girma nesa ba kusa ba, kuma haske yana ta karo da ita sau da yawa kafin ya iso ƙasa, har tsarin kaɗawarsa ya wargaje. Tun daga nan nake rubuta yanayin hazo a gefen kowace lamba, domin in babu shi ba a iya kwatanta awon Oktoba da na Janairu.